Afuwa a Kwalba

Kantina a Agege yake, daf da layin dogo,
inda jirgin ƙasa ke girgiza kwalabe a kan kanta
har sai na tallafe su da tafin hannu.
Ranar Talata, ina cikin ƙirga ƙwayoyi,
rediyon mai gyaran waya na kusa da ni
ya fara jero sunaye.

Shugaban ƙasa ya yi afuwa, in ji su.
Na ajiye cokalin ƙirga, na kasa kunne.
Suna na bakwai na san shi:
wanda ya haɗiye kuɗin asibitin garinmu
har da na rufin ɗakin haihuwa.
Wai hawan jini ya tasa shi gaba,
wai ya yi nadama a zuci.
Wa ya buɗe zuciyar ya leƙa?

Na saurara har mai labarai ya koma zancen ƙwallo.
Babu Tanimu.

Tanimu ƙanena ne.
Shekara shida a Kirikiri yana jiran shari'a
kan janareta guda da ta ɓata a shagon da yake gadi.
Janareta ta ɓata, fayil ya ɓata,
shi kaɗai hukuma ta iya adanawa.

Da hantsi sai ga Barau direban tirela,
idanu jajur, muryar wanda ya kwana a layin Apapa:
"Ba ni mai ƙara jinin nan, wadda ta haɗa komai."
Jiya kwalin sigari guda ya sha,
taliyar leda, shayi baƙi ƙirin, barcin awa biyu,
yau yana son ƙwaya ɗaya ta yafe masa duka.

Na faɗa masa abin da Sista Morenike
ta asibitin unguwa ta sha faɗa mini:
bitamin cike gurbi yake ga wanda ya rasa,
mai ciki, ko tsohon da cin abinci ya gagara.
Wanda bai rasa ba, yawanci
fitsari ke tafiya da kuɗinsa, launin ɗorawa.
In ya wuce kima kuwa, hanta ce ke biyan tara.
Jiki ba ya karɓar takarda mai hatimi,
yana da nasa kundin, kuma ba ya ɓata.

Ya yi dariya: "Hajiya, ciniki ko wa'azi?"
Na naɗe masa. Na karɓi kuɗin.
Ni ma mai gida na jiran haya,
a rubuta wannan a shafina.

Ban ƙi afuwa ba, wa zai ƙi inuwa?
Amma a islamiyya an koya mana
haƙƙin bawa, sai bawan ya yafe.
Wa ya tambayi matan da suka haihu
da roba a gefen gado tana tarar yoyo?
Wa ya tambayi wadda ba ta tashi ba?

Asabar na hau danfo biyu da keke ɗaya,
kwalba mai ƙwaya sittin a cikin jaka.
Gandiroba ya girgiza ta kusa da kunnensa,
ya zazzage biyar a aljihu: kuɗin ƙofa.

Tanimu ya fito, dasashi na jini, ƙafafu a kumbure.
Ga wanda ya rasa, Sista, ga shi nan.
"An kira ni?" ya ce.
Na tura kwalbar ta ƙarƙashin waya:
"Ɗaya kullum, bayan ka ci abinci."
Ya dube ni. Muka yi dariya tare,
irin wadda ke fita ta ido.

Ya ce zai riƙa ƙirga kwana da su.
Hamsin da biyar.
In sun ƙare, in zo da wata,
in kuma zo da labarin ko an sake karanta sunaye.