Mabuɗin Famfon Ƙasa

Ni ke riƙe da mabuɗin tanki a Kukar Lanzai,
sarautar da ba ta da kalangu, ba ta da rawani.
An ba ni shi shekarar da rumbun riɗin Alhaji Barau ya ci wuta,
buhu ɗari da sittin, daren Laraba.
Muka fito da ƙwarya da tulu,
rijiya gaba ashirin, guga ɗaya,
a ja na bakwai igiya ta tsinke.
Motar 'yan kwana-kwana ta taso daga Gumel
ta iske toka tana numfashi
da ƙamshin mai, kamar ana suya a gidan biki.

Shugabansu bai yi mana faɗa ba.
Ya tsuguna ya jera duwatsu uku a ƙasa,
ya ce, wuta tukunya ce a kan murhu:
abin da za ta ci, iskar da za ta sha, zafin da ya haife ta.
Zare dutse ɗaya.
Ya zare. Muka ga yadda girki ke kifewa.

Ya ce ruwa ba malamin kowace wuta ba ne.
Fetur hawa kansa yake kamar yaro a bayan jaki,
ya tafi yawo gidan maƙwabci.
Shi yashi za a ba shi.
Wayar janareta kuwa, a kashe inji tukuna.
Ya dubi Tsahare mai ƙosai:
in kaskonki ya kama, rufe masa baki da murfi, ki ja baya.

Sannan ya ɗaga jar tukunyar nan mai wuyan zalɓe.
Zare fil.
Ba iska bayanka.
Kada ka yi faɗa da harshen, gindi za ka nufa,
ka matsa, ka yi ta sharewa kamar mai sharar tsakar gida.
Muka yi karo-karo muka sayi biyu,
ɗaya a wurin injin niƙa, ɗaya a rumfar mai sayar da fetur.
Duk Juma'a kafin masallaci nakan leƙa allurarsu,
in ga ko tana nan a kore.

Tankin kuwa famfo biyu gare shi.
Na sama na kowa ne: sha, wanki, alwala, kwaɓin ƙasa.
Na ƙasa na wuta ne.
Abin da ke tsakaninsu, kamu huɗu na ruwa,
shi ne amanar da ke rataye a wuyana.

Bazarar bara injin burtsatse ya tsaya kwana tara.
Famfon sama ya yi tari ya yi shiru.
Jarkoki suka yi layi har bakin makera,
kowa ya san akwai ruwa,
ana ƙwanƙwasa tankin a ji nauyinsa.
An kira ni marowaci, an kira ni abin da ya fi haka.
Uwale, matata, ta ajiye mini tuwo ba ruwan wanke hannu.
Na ci.

Sau ɗaya na buɗe.
Tsakar dare, matar Ɗanjummai na kan gwiwa.
Bokiti biyu.
Na ja layi da gawayi a jikin tanki,
ranar da aka gyara inji ban kwanta ba sai da ruwa ya haye layin.

Shekara huɗu ke nan wuta ba ta dawo ba.
Ko in ce ta leƙo:
jiya na ga murfin kaskon Tsahare ya yi baƙi ƙirin,
girarta ta hagu ta babbake.
Na tambaya, ta ce ba komai,
ƙosan nawa za a ba ka?

Ba a yi wa mutum barka
da gobarar da ba a yi ba.
Na biya, na wuce wajen tanki,
na ɗiga wa kwaɗon ɗan man gyaɗa
don kada tsatsa ta riga ni.