Bututu Ɗaya

Ƙarfe biyun dare, bazara ta hana Sakkwato barci.
Wuta ta tafi yawonta, fanka ta tsaya cak,
injin baya ya yi tari uku, ya ce babu mai.
Ni kaɗai a ɗakin bakwaini,
fitilar waya a tsakanin haƙorana.

Tukunyar iska ɗaya ta rage,
allurarta ta sunkuyar da kai kamar mai gaida suruki.
Bututu ɗaya, hanci biyu.

A dama ɗan Luba, 'yar layinmu a Mabera,
wadda uwarta Inno ta yi mini wankan jego,
ta dama mini kunun kanwa kwana arba'in ba fashi.
A hagu 'yar Tumba, daga wani ƙauye bayan Kware,
uwar da aka kawo kwance kan buhunan albasa,
ban san kowa nata ba, ko sunan mijin sai a kati.

Na kira Dokta Modi.
Aka ce yana tiyata, hannunsa na cikin wani cikin.

Da fari na raba musu, minti biyar-biyar,
kamar yara biyu da ludayin fura ɗaya,
sai na ga leɓunansu duka suna komawa shuɗi,
na gane da adalcina nake kashe su.

Sikeli ba ya sanayya.
Yaron bai cika kilo ba, wata shida da 'yan kwanaki.
Yarinyar kilo da rabi, tana kokawa,
ƙirjinta na sama da ƙasa kamar zugazugin maƙeri.
A makaranta an ce mana: duba wanda ya fi kusa da rayuwa.
Ba wanda ya ce zan san hannun kakarsa a bayana.

Na manna wa 'yar Tumba bututun.

Ɗan Luba na hura masa da jakar hannu,
ina matsawa, ina ƙirga, ina salati,
har wuyan hannuna ya daina zama nawa.
Ladan na cewa salla ta fi barci
ya zaɓi barcin.

Rai na Allah ne, na sani, na sha gaya wa wasu.
Amma yatsun da suka ɗauke bututun nawa ne.
Kuma wata tambaya na cina kamar gara:
sikeli na bi,
ko tsoron a ce Hajo ta yi son kai?

A baranda Inno ta riƙe gefen farar rigata.
Ba ta tambaye ni komai ba, ido ya riga baki.
"Kak ki hwaɗa mata, ɗiyata. Jininta ya hau.
Bari rana ta hito."

Na shiga auna Luba.
Ta ce, "Hajo, mi ya sa ban ji kukan yaron nau ba?"
Ɗanta ne, labarin nata ne,
ga kuma awon jininta na hawa kamar gulbi a Agusta.
Na ce, "Haɗiye maganinki tukuna, ina dawowa."
Ba ƙarya ba ce, ba kuma gaskiya ba,
gadar kara ce na tsaya a kai.

Sai babban littafi, layin dalilin mutuwa.
Na san abin da ofis ya fi so: bakwaini ne, shi ke nan.
Biro ya daɗe yana rawa.
Na rubuta: bakwaini. Na ƙara: ba iska, ba mai, nas ɗaya.
Na sa hannu da cikakken sunana.

Ƙarfe bakwai wuta ta dawo, ko kunya babu.
Na koma gadon Luba, na zauna, na kama hannunta,
na gaya mata da bakina kafin ta tsinta a fuskar masu sannu.
Ba ta yi ihu ba. Ta zare hannunta a hankali.

A bakin ƙofa mijin Tumba ya tare ni
da ƙullin albasa a tsohon buhun siminti.
Doka ta ce kar in karɓa. Idonsa ya ce kar in ƙi.

Ga ni yanzu a madafa, ban cire takalmin aiki ba,
ina yanka ta, ba miya zan yi ba.
Yarana na cewa, Umma, wannan albasa da yaji take.