Lita Uku

Gindin darbejiya a Gujungu, ranar da kasuwa ba ta ci,
Tsalha ya zaro gejin giya, ya goga a tafin hannu.
Ya shinshina, ya yamutsa fuska.
"Da ja ne kamar zoɓo,
yau ya koma ruwan daddawa."

Siyanar nan ta girmi ɗana Nomau.
Mitarta ta mutu a dubu ɗari huɗu,
ita ta ƙi mutuwa.
Ta kai riɗi, ta kai awaki Maigatari,
ta ɗauko gawar ƙanena daga Ringim ko tari ba ta yi ba.

Na ce juye shi duka.
Ya ce, "Kul. Tsohuwar giya dauɗarta ke riƙe da ita.
Wanke ta tas, ta yashe ka a daji.
Lita uku yau. Bayan girbi ka dawo."

Na tsuguna ina kallon baƙin man
yana tsiyaya cikin fasasshiyar tasa,
garin ƙarfe na ƙyalli a ƙasansa.

Na tayar, na sa giya.
Ta yi jim,
sannan ta kama.