Tarago Biyu, Igiya Ɗaya

A Valparaíso, inda gidaje suka maƙale a jikin tuddai
kamar shanyar da aka manta ba a kwashe ba,
shekara sha tara ke nan ina riƙe da birkin tarago.
Ɗaya na hawa, ɗaya na sauka,
igiyar ƙarfe guda ke jan su.
Sai da na kai hamsin
na gane da ni ake.

Lokacin hawa ba na barci.
Na taɓa kwana biyar ido biyu,
na shafe katangar maƙwabta da shuɗin fenti cikin dare,
na sayi jirgin kamun kifi da kuɗin karatun 'yata Ismenia,
ni da ko iyo ban iya ba.
Bakina ya riga tunanina, tunanina ya riga ƙafata.
Komai nisan jifa dai,
kun san sauran.

Lokacin sauka
cokali ya fi anga nauyi.
Tsuntsayen teku na kuka a kan rufi,
ina kwance ina ƙirga tsagar silin.
Ismenia takan ajiye shayi a bakin gado,
ta dawo ta ɗauke shi da sanyinsa,
ba ta cewa uffan.

Ran Talata, a asibitin gindin tudu,
mu tara ne kan kujerun roba.
Likita Rayén ta ba kowa ƙwayar zabibi ɗaya,
ta ce kar a haɗiye, a duba tukuna.
Baltasar mai gasa burodi ya yi dariya har da hawaye:
"Wannan ne maganin?"
Ta ce, "Maganinka na aljihunka, ka sha shi da dare.
Wannan don ka koyi zama ne."

Na juya zabibin a tafin hannu.
Tamojinsa irin na goshin mahaifiyata.
Minti uku cur
ban je gobe ba, ban koma jiya ba.

Ta koya mana sauraron numfashi.
Ashe na san aikin:
haka nake kasa kunne ga igiya da asuba,
don kafin ta ba da matsala
takan yi wata siririyar ƙara
wadda fasinja ba ya ji.

Tawa ƙarar ita ce kofi na huɗu,
da waƙa a bakina ƙarfe uku na dare,
da son buga wa kowa waya.
Yanzu in na ji ta, nakan zauna bakin gado,
tafin ƙafa a kan siminti mai sanyi,
in shaƙa, in fesar,
in ce, "Ga hawa ya zo."
Ba na zaginsa, ba na bin sa.
Da safe in miƙa wa Ismenia katin banki,
in kira Rayén.

Ban warke ba, kar ku ce na faɗa.
A watan Yuli na yi sati biyu a ƙasa,
kujerata ta zauna ba kowa.
Baltasar ya hau matakala ɗari da sittin
da burodi mai zafi a cikin rigarsa.
Mun zauna. Mun yi numfashi. Ya tafi.

Jirgin na nan ɗaure a tasha, ba mai saye.
Daga tagar aikina ina hango shi yana lilo.
Taragon ƙarshe ya cika,
wata yarinya ta manna hanci a gilashi.
Na ɗora hannu kan birki,
na saurara,
sannan na sake shi a hankali.