Haruffa Uku

A ƙasan akwatin Baba na same ta,
ranar da ruwa ya ci zaurenmu a Yelwan Garwa:
na'ura ruwan toka, murfi a tsage,
da tabarmar roba mai kibiya huɗu,
ta hagu ta koɗe har ta yi fari.

Salmanu mai gyaran rediyo ya hura mata iska,
ya karɓi jaka biyu,
ya ce, "In ta tashi, ikon Allah."
Ta tashi.

Kiɗa kamar gwangwani a hannun yaro,
kibiyoyi na hawa kamar shinge bayan ruwa,
ƙafafuna sun zama baƙin juna.
Allo ya yi mini dariya da Faransanci.

Sai jerin gwanaye ya fito.
Can sama: HMJ, dubu tamanin da bakwai.
Hamajoda?
Baban nan nawa
da ke lallashin gwiwa kafin ruku'u?

Na leƙa. Ya ba ni baya,
wai labarai yake ji.
Amma diddigensa na taɓa siminti
daidai da kiɗa, ba kuskure.

Wata biyu ina tsalle, maƙwabta na ƙorafi.
Daren jiya na kai dubu tamanin da shida,
kibiya na zuwa, na san masaukinta.

Na ɗauke ƙafa.
Na bar ta ta wuce.

Daga tsakar gida ya yi gyaran murya:
"Ladifa, hagu ce.
Ai kin gan ta."