Takalmin Barira

Sau bakwai na ɗinke bakin takalmin nan
a rumfata ta Ƙofar Marusa.
Kullum na hagu ke yagewa.
Ban taɓa karɓar sisinta ba.

Kulob ɗin Kudu ya ɗauke ta a motar dare,
daga can sai ƙasar da ruwa ke daskarewa a famfo.
Gwiwa ta kwantar da ita shekara guda.
Ta miƙe.

Jiya a gidan kallo: koriyar riga, lamba sha huɗu,
saura minti bakwai,
ta juya, ta ɗirka da hagu.
Benci ya karye da mu.

Da asuba na sauko da takalmin daga ƙusa.
Jar ƙasar filin makaranta
har yau tana maƙale a ɗinkina.