Zauren da Ya Rage

Bayan Ƙofar Gayan, inda hanya ke karkata wajen Kufena,
wani zaure na tsaye shi kaɗai.
Gidan gandun da yake tsaro ya daɗe da komawa gona.

Kakana Jatau ne mai gadinsa.
Damina talatin da 'yan kai yana kwana a dakalin hagu,
daga shi sai tabarma, buta, sandar gora,
da mabuɗi mai nauyin ruwan fartanya rataye a wuya.

Shi ya koya min karatun gini.
Ya ce, dubi ƙofofin nan biyu, ba sa kallon juna:
ta waje gabas, ta ciki ta kauce kudu,
don idon baƙo ya tsaya ya yi sallama
kafin ƙafarsa ta san hanya.

Ya ce, ɗaga kai.
Bakan gizo huɗu sun taso daga bango
sun haɗa goshi a sama kamar masu raɗa,
tasar tangaran manne a cibiyarsu.
Azarar da ke ciki giginyar bakin Galma ce,
gara ta lasa, ta tofar.

Can saman ƙofa, inda makuba ta yi duhu,
akwai tafin hannun Barau magini,
yatsu huɗu, na biyar gizago ya ci.
Bai iya rubutu ba. Wannan ne sunansa.

Mai gandu, in ji kakana, dogo ne,
amma Barau ya ƙi ƙara wa ƙofar tubali ko ɗaya.
Har ya bar duniya, sai ya sunkuya yake shiga gidansa.

Bana na koma.
An yanka gandun filoti-filoti,
an jibge buhunan siminti inda tabarmar take.
Zanko uku sun faɗi, na huɗun hasbiya ta gaje shi.
Indararo ya karye, ruwa ya tsaga bangon arewa
kamar zanen fuskar tsohuwa.

Yaron mai bulo ya ce, Baba, kewaya mana,
ai babu katanga, ko'ina hanya ce.

Na ji shi.
Na tuɓe takalmi duk da haka,
na sunkuya,
na yi sallama.
Rufin ya riƙe muryata kaɗan, sannan ya amsa.